Yadda Orval Sizemore Ya Ari Huhun Mutanen Coci

Orval Sizemore ɗan kawuna ne, taubashina, don haka ina da hurumin faɗin gaskiya a kansa ko yana ƙarƙashin ƙasa: muryarsa ba ta da daɗi. Ranar da aka haife shi ya tsala kukan farko, alfadarai biyu suka tsinke igiya a gonar kakanmu, ɗayan har yau ba a gan shi ba. Murya ce mai fita ta hanci, tana kartar kunne kamar ana jan tebur a kan siminti, in ta kai ƙarshen baiti sai ta karye kamar an taka wa kare jela. Amma idan ya rungumi jitarsa ya ja waƙa, sai ka ga ƙartin maza masu haƙar kwal sun yi shiru suna kallon takalmansu.

A kwarinmu na gabashin Kentucky waƙa iri biyu muka sani: ta coci, da ta bakin ƙofa bayan an tashi aiki, wadda ba ta wuce zancen jirgin ƙasa, da kurkuku, da giya, da uwa da ta mutu ana can yawon duniya. Orval ya haddace su kaf tun kafin gemu ya fito masa. Abin da ya ɓata shi rediyon kantin kamfanin kwal ne. Kullum da rana tsaka wata tasha daga Cincinnati takan saki waƙoƙin birni, na mutanen nan 'yan kwat masu shafa wa gashi mai har ƙuda ya sauka ya zame, bayansu masu goge da masu busa sun fi mutanen kwarinmu yawa. Waƙoƙinsu na farin wata ne, da gidan rawa, da ruwan sama a kan kwalta. Mu ko kwaltar ba mu da ita.

A bayan kantar kantin akwai Nola Caudill, doguwa, mai dariya kamar ana zuba tsakuwa a bokiti. Tana auna wake tana bin rediyo a hankali. Orval ya shiga sayen ƙusa, ya fito ba ƙusa ba hankali. Daga ranar ya koma zaman kantin yana satar waƙoƙin da kunne, ya dawo gida ya ɗora su a jita.

Na ce masa, "Kai jakin kawu, ka taɓa ganin gidan rawa?"

Ya ce, "Ba sai na gani ba."

"To farin watan da kake wa kuka, ai shi ne dai wanda ke haska maka hanyar bayan gida."

Ya ce, "Arlie, in ba ka da aiki je ka taya kaji tono."

Sai dai ko ni da nake tsokanarsa na ji bambancin. 'Yan kwat suna rera baƙin ciki kamar wanda ya san in an gama zai hau mota ya koma gida ya ci nama. Orval yakan rage wa waƙar sauri, ya tuɓe mata duk adon nan, ya bar ta daga ita sai igiyoyin jita, sai ka ji ashe mutumin da ke cikinta da gaske an tafi an bar shi. Wata Asabar, kanti cike da jama'a, ya jingina da buhun gari ya rera wa Nola ɗaya daga ciki a gaban kowa. Ta auna wa wata tsohuwa gishiri a maimakon sukari.

Yayanta Hargis tun lokacin ya fara wa'azi. Mutum ne da aka ce sau ɗaya ya yi murmushi, shi ma ciwon haƙori ne ya ja masa leɓe. Ya ce ƙanwarsa ba za ta auri makaɗi ba. Ta auri Orval, suka hau motar haya zuwa Dayton, inda rabin kwarinmu ya ƙaura neman aikin masana'anta. Ranakun mako Orval yana ɗaura ƙofofin firji, ƙarshen mako yana waƙa a mashayar mutanen tudu irinmu. Da farko in ya ɗauko waƙar birni sai a jefe shi da kwalba a ce ya yi ta jirgin ƙasa. Daga baya su masu jifan su ke tasowa da jan ido suna cewa, "Maimaita ta ɗazu, ta mai jiran nan." Har faifai ya buga guda ɗaya. Duniya ba ta ji labari ba. Kwalin ya daɗe a ƙarƙashin gadonsu, ni ma an ba ni nawa, da shi na daidaita ƙafar teburina.

A can suka haifi 'ya mace, ba ta yi mako a duniya ba. Nola ta rungumo akwatin gawar a cinya tun daga Dayton har gida, aka binne ta a kan tudun Caudill, maƙabartar danginsu, kusa da kakarta. Ba su sake haihuwa ba. Da masana'antar ta rufe suka dawo gaba ɗaya, Orval ya shiga rami kamar ubansa, ya yi shekara ashirin da wani abu yana shaƙar ƙurar kwal, har huhunsa ya koma kamar cikin bututun murhu.

Tudun nan yana da doka tun zamanin kakan Hargis. Jinin Caudill ya kwanta a can ko wane iri ne. Amma bare da ya shigo ta aure, sai in ɗan coci ne da sunansa ke tsaye, ba a kore shi ba. Gefen jaririyar akwai wurin mutum biyu. Nola ta ce wa mijinta, "Ɗaya nawa ne. Ɗayan ka san abin da za ka yi." Hargis kuwa a lokacin shi ne dattijon cocin, shi ne kuma mai riƙe da tudun.

Cocin kwarinmu ba a shiga da kayan kiɗa, ɗan coci kuma ba ya waƙar duniya a bainar jama'a. Orval ya rataye jita a bayan ƙofa, Hargis da kansa ya yi masa baftisma, ya tsoma shi a rafi. Ina tsaye a baki na ce, "Yaya Hargis, ku ɗan ƙara danna shi, wannan dauɗar ta Dayton ce." Ba wanda ya yi dariya sai Nola, ita ma a cikin gyale.

Na ɗauka don kabari kawai ya shiga, kuma da farko ina jin haka ne. Amma abin ya kama shi a hankali. Ya daina giya, ya daina zagi, ya daina ƙara wa kifin da ya kama tsawo, wanda a ganina nan ne aka yi asara. Ya kuma zama gwanin ba da baiti. A kwarinmu ba a riƙe takardar waƙa a coci. Mutum ɗaya ke jefa baitin da sauri, rabi magana rabi waƙa, sai jama'a su cafe su ja shi a hankali, kowa da irin lanƙwasarsa, har kalma ɗaya ta yi tsawon da za ka fita ka sha ruwa ka dawo ba a gama ta ba. Kafin su sauke ya jefa na gaba. Aikin ya dace da Orval, don jefawar ba ta son dogon numfashi, shi kuma a lokacin ko matakalar gidansa sai ya huta a tsakiya. In ya jefa baiti da karyayyar muryar nan, tsofaffin mata sai hawaye. Hargis kansa ya taɓa cewa, "Ubangiji ya taɓa sa jakin Bal'amu ya yi magana, ba abin mamaki ba ne."

Ana nan ciwon daji ya kama Nola. Wata la'asar na kai musu burodin masara da matata ta gasa, na same ta an fito da ita baranda cikin bargo, ta rame har zoben aurenta ya koma babban yatsa. Orval na gefe da tukunyar iskar da ke taya shi numfashi, robarta a hanci.

Ta ce, "Arlie, zauna, ina son shaida, ko da irinka ne."

Na ce, "Shaidata ai ko alƙali ya san darajarta."

"Shi ya sa na ce ko da." Ta juya wajen mijinta. "Ranar taron tunawa da matattu a kan tudu, bayan na tafi, ina son waƙata. Ta kanti."

Orval ya ce, "Bari in yi miki yanzu."

Ya gwada. Ya kai tsakiyar baitin farko, inda ake riƙe murya a ja, sai tari ya sarƙe shi, ya yi ta yi har ya tofar da baƙi a tsumma.

Ta ce, "Bari, tara numfashinka. Ba a ɓoye nake so ba. A gaban mutane ka fara yi mini ita, a gaban mutane nake so. Duk shekarun nan da ka rataye abin can ban roƙe ka ba."

"Nola, kin san abin da Yaya Hargis zai yi. Zai kore ni. In ya kore ni, ba ni ba tudu."

Ta yi 'yar dariyarta, tsakuwar ta ragu sosai. "Yaya baki ne kawai. Zai yi ta huci kamar tukunyar wake, ya huce. Ni na san shi."

A nan ta yi kuskure, ita da ba ta cika yi ba. Orval ya ce to. Ta rasu kafin ganye ya fito, aka kwantar da ita kusa da 'yarta, wuri ɗaya ya rage.

Taron tunawa sai watan Agusta. Duk tsakanin nan in na je gidansa sai in tarar yana zaune yana gwada baitin, yana yankewa a wuri ɗaya. Na kawo masa dabaru iri-iri, don ni ba a rasa ni da su.

"Hau tudun ranar Talata, ba kowa, ka raɗa mata a kunne. Wa zai sani?"

"Ta ce a gaban mutane."

"To ga ni. Ni ba mutum ba ne?"

"Ana dai bincike."

"Ɗauki faifanka ka kunna. In ka rasa, in ciro na ƙarƙashin teburina."

"Wancan wani yaro ne mai huhu biyu. Ba shi ta roƙa ba."

Na ce, "Orval, bar wasa. Matar nan tana shan maganin da ke sa mutum ya ga kakarsa a kan rufi. Abin da take so da gaske shi ne ka kwanta kusa da ita. Kada ka sayar da wurin saboda waƙar 'yan kwat. Kuma ko ka so, da wane numfashin?"

Ya dai ɗaga kai ya dube ni wani iri, kamar na faɗi abin amfani, wanda ba a saba ba.

Ranar taron rana ta buɗe kamar bakin murhu. An share kaburbura, an sa furannin roba, an jera katakai a kan kututture a ƙarƙashin itatuwa, maza gefe mata gefe. Can ƙasa an shimfiɗa tebura da soyayyar kaza da wake da tuffa, an lulluɓe saboda ƙuda. Ni na ɗauko wa Orval tukunyar iskar, muna hawa muna tsayawa, har kunkuru ya wuce mu ya dawo ya tambaye mu lafiya. Masu wa'azi suka yi ta yi ɗaya bayan ɗaya. Hargis ya kira sunayen matattun shekara, har da na ƙanwarsa. Sai ya ce, "Ɗan'uwa Orval, ba mu waƙa."

Orval ya miƙe ya dafa kafaɗata. Ya cire robar daga hanci. Ya jefa baiti, da sauri, da irin muryar da yake jefa na kowace Lahadi:

"Ruwa ya ɗauke, an kunna fitilun titi."

Jama'a suka cafe. Ba wanda ya tsaya tunani, don tun suna goye a bayan iyayensu haka ake yi: an jefa, ka ɗauka. Baki ke riga kunne. Mutum fiye da ɗari, ido a rufe, suna musabaha da na kusa kamar yadda ake yi in waƙa ta yi daɗi, suka ja fitilun titin nan har tudun ya amsa. Wurin da Orval ya yi wata da watanni yana yankewa, suka riƙe masa shi sama, suka lanƙwasa, suka sauke a hankali. Ban taɓa jin abu irinsa ba, kuma a wannan karon ba ƙari na yi ba.

"Ina nan tsaye inda kika ce in tsaya."

Suka ɗauka. Hargis na gaba, kai a sama, jijiyar wuyansa ta tashi, ya fi kowa ƙarfi.

"Ƙamshin gashinki bai bar wuyan rigata ba."

Suka shiga wannan ma, sai a tsakiya gefen maza ya fara zubewa. Wani ya buɗe ido, wani ya saki hannun maƙwabcinsa. Hargis ya kai har kalmar gashi kafin bakinsa ya tsaya a buɗe.

Ya ce, "Ya isa." Bai ɗaga murya ba.

Orval bai ko dube shi ba, ya jefa na gaba. Maza suka yi tsit. Amma a gefen mata tsohuwa Ocie Combs, wadda suka yi aikin kanti tare da Nola, ta ɗauka da 'yar siririyar muryarta, wasu mata kaɗan suka bi ta. Ni ma na sa tawa, don ni ba ɗan coci ba ne, ba abin da za a ƙwace mini, ko da yake an ce tsuntsaye sun bar tudun har kaka. Haka muka kai ta ƙarshe, shi yana jefawa yana haki, mu muna ja. Da aka gama ya zauna, leɓensa ya yi shuɗi, na mayar masa da robar. Ranar nan soyayyar kazar ta yi kwantai, kowa ya ci a tsaye ya tafi.

Ana saura kwana kaɗan zaman shari'ar coci, wanda ake yi ranar Asabar, Hargis ya zo gidan Orval da kansa, da kwanon wake a hannu. Ina nan ina gyara famfon gidan. Ya zauna a kujerar Nola, ya ɗora hula a gwiwa.

Ya ce, "Ɗan'uwa Orval, ni ma ƙanwata ce. Ni na goya ta."

"Na sani, Yaya."

"Ka sa bakina ya yi waƙar gashin mace a kan kabarin uwata. Ka sa 'yan'uwa sun yi abin da ba su yi niyya ba, don sun yarda da kai." Ya juya hular. "Ba na son in kore ka. Ranar Asabar ka miƙe ka ce ka yi kuskure, ka yi nadama, ka nemi gafara. Shi ke nan. A ba ka hannu, wurinka na nan."

Da ya tafi na ce, "To ka ji. Ka yi waƙarka, ga kuma kabarinka a arha. Kalma biyu."

Ya ce, "Ban yi nadama ba."

"Wa ya tambayi cikinka? Kai da ka taɓa rantse mini ka kama kifin da ya fi ƙofa tsawo."

"Wannan kai na yi wa. Wancan a ɗakin Ubangiji ne, a tsaye."

Na ce, "Ashe tsomawar ta kama. Da na sani da ban ce a ƙara danna ka ba."

Ya yi dariya har ta zama tari.

Ranar Asabar na zauna a bencin baya, inda ake barin irinmu. Matan da suka bi waƙar aka fara kira, kowacce ta miƙe ta ce ta yi kuskure, har Ocie, tana kuka. Aka yafe musu. Sai aka zo kan Orval. Ya miƙe da ƙyar.

Ya ce, "'Yan'uwa, na ari numfashinku ban tambaye ku ba. Na san in na jefa za ku ɗauka, da gangan na yi. Wannan yaudara ce, ku yafe mini ita."

Hargis ya ce, "Waƙar fa?"

"Waƙar ta matata ce. Ta roƙa, na yi."

"Ka yi nadamarta?"

Ina daga baya ina ta gyaɗa masa kai kamar ƙadangare, bai waiwayo ba.

Ya ce, "A'a, Yaya. In na ce na yi, na yi ƙarya."

Hargis ya sake tambaya, ya sake, har sau uku, kamar mai roƙo. Amsar ba ta canja ba. Aka ce masu goyon a cire shi su ɗaga hannu. Maza ne kawai ke ɗagawa. Hannuwan suka tashi a hankali, wasu iya kunne, amma sun tashi. Na Hargis ne na ƙarshe.

Bayan nan Orval bai ƙara waƙa ba, ta coci ko ta duniya. Kowace Lahadi yakan sa in kai shi in ajiye mota a bakin hanya, ya sauke gilashi ya saurara daga waje. Wanda ya gaje shi a ba da baiti muryarsa kamar an matse agwagwa, na faɗa wa Orval haka don ya ji daɗi, ya ce in bar yaron mutane yana ƙoƙari. Tudun kuwa ba wanda ya hana shi hawa ziyara, huhunsa ne ya hana.

Ya rasu cikin sanyi, a zaune, don ya daɗe ba ya iya kwanciya. Na je wurin Hargis da hulata a hannu, abin da ban taɓa yi wa kowa ba. Na ce, "Yaya Hargis, mutumin ya mutu. Dokar nan ba ta gaji ba?" Ya ce in ya karya wa surukinsa, da wane ido zai dubi waɗanda kakansa da ubansa suka hana. Idonsa ya yi ja, amma bai motsa ba.

Muka binne Orval a maƙabartar gari, can ƙetaren kogi, dab da titin da motocin kwal ke bi. Ƙasar ta daskare, sai da muka hura wuta a kai kafin diga ta shiga. Hargis ya zo, ya tsaya a bakin wayar shinge, bai shigo ba, ya tafi kafin a rufe.

Wurin da ya rage kusa da Nola ya yi shekaru ciyawa na cin sa. Da Hargis ya mutu tudun ya riga ya cika, 'ya'yansa suka duba ko'ina ba su ga fili ba sai nan, suka sa shi. Yanzu Nola na kwance, jaririyarta a dama, yayanta a hagu, ita da ko cin abincin Kirsimeti ba ta iya gamawa da shi a tebur ɗaya ba tare da ta tashi ta koma kicin ba.